Ƙofar da Mama Ta Rufe Mini

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Fasto, dattawan ikilisiya, iyayena mata na zumunta, 'yan'uwa maza da mata, salamar Ubangiji ta tabbata a gare ku. Yabo ga Ubangiji! Haba mutanen Lanham, wannan ai amsar waɗanda ba su karya kumallo ba ce. Yabo ga Ubangiji! Yauwa, yanzu na ji ku.

Ga baƙinmu, sunana Rifkatu, matar Baban Alheri, ga shi can baya yana sunkuyar da kai. Ni nas ce, na daɗe ina aikin asibiti a ƙasar nan ta Amurka. 'Yan gida kuwa sun san ni da wani suna. Kada ku yi kamar ba ku sani ba, da kunnena na ji. Sista Doka! Lokacin korona ni ce nake tsayawa a ƙofar can da na'urar auna zafin jiki, ina cewa wannan ya ja takunkumi ya rufe hanci, wancan ya matsa gefe. Har Fasto na taɓa mayarwa mota ya ɗauko nasa.

An daɗe ana ce mini in tashi in ba da wannan shaida, ina noƙewa, domin shaida ce da ba ta fito da ni da kyau ba. Amma makon jiya mahaifiyata ta ƙara shekara, ga ta nan zaune a layin gaba da farin ɗankwali. Da na dube ta tana yanka kek, zuciyata ta ce, Rifkatu, in kika ci gaba da yin shiru kin ci amanar Allah.

A tsakiyar annobar nan yayana Ishaya ya rasu. Ya faɗi ne a gonarsa, can ƙauyenmu kusa da Kafanchan, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Mu biyu kaɗai Mama ta haifa, shi da ni.

Mama tana wurinmu tun haihuwar 'yarmu Alheri, ta zo reno ta zauna. Tana da ciwon suga, tana da hawan jini. Likitanta ya ce maganar jirgi ma kada a tayar. Ni an yi mini allurar rigakafi ta farko a wurin aiki, ita kuwa layi bai zo kanta ba tukuna. Sai ya zama ni zan tafi, ita ta zauna.

Ranar da zan tashi ta riƙe hannuna ta ce, "Ki je ki zama idona. Ki duba kome da kyau, ki dawo ki gaya mini yadda aka binne ɗana." Ba ta yi kuka ba. Baban Alheri ya ce ko ranar jana'izar, da take kallo a waya hoton yana tsayawa yana tafiya, hawaye bai zubo mata ba. Ta riƙe kukan tana jirana.

Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki, lokacin dawowa ya yi. Kun tuna dokar wancan lokacin. Ba mai hawa jirgin Amurka sai da takardar gwajin korona, kuma kada gwajin ya wuce kwana uku kafin tashi. Jirgina na daren Asabar ne, saboda haka na iso Abuja na yi gwaji ran Alhamis. Suka zura mini tsinken nan a hanci har na ji shi a ƙeya. Washegari da safe sakamako ya shigo waya: ba ni da ita. Na je aka buga mini kwafi biyu, na sa a cikin leda mai kyau, na adana tare da fasfo.

To, a nan Sista Doka ta fara faɗuwa.

Kun san halinmu. Mutum ba ya zuwa gida a ɓoye. Tun ina ƙauye waya take ƙara. "Sista Rifkatu, sannu da haƙuri. Ƙanwata tana Nyanya, ɗan ƙulli ne kawai za ta ba ki." "Maman Alheri, ya ƙarin haƙuri? Surukata tana Kubwa, abin ba shi da nauyi." Ɗan ƙullin mutanenmu kuwa kun san shi, sai an hau kan akwati an zauna kafin ya rufu. Ba na kuka da kowa, ni ma na sha aika wasu. Shekara guda ba wanda ya je gida, kowa kukarsa ta ƙare, kowa yajinsa ya ƙare.

Juma'a da Asabar na yi su a kan hanya. Nyanya, Karu, Mararaba, Kubwa. Saƙo kuma ba a karɓarsa a bakin ƙofa kamar ɗan aike. Dole ki shiga, ki zauna, a kawo ruwa, a kawo abinci. Ga shi an yi mini rasuwa, kowa sai ya rungume ni ya yi mini gaisuwa. In zan tashi a tara 'yan gida da maƙwabta, a ɗora mini hannu a yi addu'ar tafiya, falo cike, taga a rufe.

A gidan farko wata gwaggo ta ce, "Cire wannan abin mu ga fuskarki mana, 'yar Amurka." Kun san amsar da na ba ta? Na ce, "Ai ma jiya aka gwada ni, ba ni da kome." Na cire na jefa cikin jaka, ban ƙara fito da shi ba sai a filin jirgi.

Ku dubi wautar nas! Takardar cewa ta yi ran Alhamis ba ni da abin da zan ba su. Ba ta ce su ba su da abin da za su ba ni ba. Wannan magana ni nake koya wa marasa lafiya, amma da takarda ta shiga hannuna sai na ɗauke ta kamar laya. Kada kuma wani ya tambaye ni a gidan wa na kwaso. Ban sani ba, kuma ba laifinsu ba ne.

A filin jirgin Abuja na miƙa takardata ina taƙama. Inda muka canja jirgi aka sake dubawa, aka ce in wuce. Na ga wani bawan Allah an tsayar da shi domin tasa ta wuce kwana uku, yana roƙo kamar zai durƙusa. A zuciyata na ce, kai ma ka riƙa bin doka mana. Allah ya gafarta mini.

Muka sauka filin jirgin Dulles ran Lahadi da rana, sanyi kamar zai tsaga kunne. Na riga na tsara makona. Da yamma in zauna kusa da Mama in ba ta labari. Litinin in tafi Manassas in kai wa Baba Dogara accarsa. Baba, ga ku nan, kun tuna, lokacin kuna zuwa wankin ƙoda sau uku a mako. Talata in bi Sterling, Laraba in zaga nan cikin Lanham. Gida goma sha ɗaya ke jiran saƙo, kuma na yi niyyar shiga kowanne da ƙafata.

Na fito na hango Baban Alheri da takunkumi biyu a fuska. Na buɗe hannu zan rungume shi, sai mutumin nan ya ja baya ya ce, "Sannu da hanya. Shiga baya."

Na ce, "Baya kuma? Tasi na hau?"

Ya ce, "Mama ce ta ce."

Muka hau hanya, sai ya sauke gilasan mota duka huɗu. A cikin wannan sanyi! Na ce, "Baban Alheri, kashe ni za ka yi?" Ya ce, "Mama ce ta ce." Tun daga Virginia har muka tsallako Maryland ina masifa, haƙorana suna kaɗawa, amsarsa ɗaya ce.

Muka iso gida. Na ruga ƙofar gaba, na murɗa, a kulle. Na ɗaga kai sai ga Mama a tagar falo. Ta rame, 'yan'uwa, cikin mako uku ta rame. Ta ɗora tafin hannunta a jikin gilashi tana kallona, sannan ta nuna mini gefen gida, inda matakala take sauka zuwa ɗakin ƙasa. Wayata ta yi ƙara, ita ce.

Ta ce, "Sannu da zuwa, 'yata. Allah ya kawo ki lafiya. Na gyara miki ƙasa."

Na ce, "Mama, buɗe ƙofa. Ina da takarda, an gwada ni."

"Yaushe?"

"Ran Alhamis."

"Yau wace rana?"

"Lahadi."

"To Juma'a da Asabar fa, a cikin kwalba aka rufe ki?"

Na ce, "Mama, ni fa nas ce."

Ta ce, "Ni kuma na haifi nas. Kullum da safe ina jin labarai da Hausa a wayar nan. Sun ce wanda ya dawo daga tafiya ya killace kansa kwana bakwai, a kuma sake gwada shi."

Na ce, "Wannan shawara ce kawai, ba doka ba ce. Ba wanda zai zo ya duba."

Ta ce, "Ni zan duba. Ko a zamanin Musa kwana bakwai ake ware mutum. Sauka, sanyi zai kama ki."

Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba sai na karatun Hausa a coci, ita ce ta tsaya tana karanta wa Sista Doka doka. Wanzami dai ba ya son jarfa. Na ja akwatunana na sauka ina huci.

Ɗakin a gyare yake tsaf. Ga gado, ga na'urar ɗumama ɗaki, ga butar shayi, ga ma bargonta na kanta, wanda ba ta yarda kowa ya taɓa. Ashe kwana biyu ta yi tana hawa tana sauka da wannan gwiwar tata tana shirya mini wuri. Na ga duk wannan, amma fushi bai bar ni na gode ba.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa na daɗe ban ba da shaidar nan ba. Da yamma ta kira ni a waya. Muryarta a hankali ta ce, "To, Rifkatu, gaya mini. A ina aka sa shi? Kusa da babanku?"

Na ce, "In kina so ki ji, ki buɗe ƙofa."

Haka na ce wa uwar da ta haife ni. Uwar da ta rasa ɗanta, ba ta ga gawarsa ba, ta aike ni in zama idonta. Na riƙe labarin kabarin ɗanta na mai da shi abin ciniki. Shaiɗan yana raɗa mini cewa ai dama Ishaya ne ɗan lelenta, ke ba ta damu da ke ba. Na kuwa saurare shi.

Sai ta ce, "To. Zan jira."

Ba ta yi mini faɗa ba. Safe da rana da yamma sai in ji ƙwanƙwasa da sandarta a ƙofar da ke saman matakala. In na hau, ta riga ta koma, tire yana ajiye a kan matakin farko. Kunun gyaɗa, tuwo da miyar kuka, faten doya. Ina ci ina fushi.

Ran Talata na ce yau kam sai na fita. Baba Dogara ya riga ya kira sau biyu, "'Yata, accar nan fa?" Baban Alheri ya tafi aiki Sterling, Alheri tana ɗakinta tana karatu ta kwamfuta. Na shirya, na ɗauki ƙullin Baba, na lallaɓa waje. Makullin motata da nake ɓoyewa a gareji babu shi. Na kira mijina, ya ce duka biyun suna wurin Mama, ta ƙulle su a haɓar zaninta. Bayan ɗan lokaci Baba ya sake kira yana dariya, ya ce, "Zauna abinki. Tsohuwa ta kira ni, ta ce acca ba ta ruɓewa a kwana bakwai."

Ran Laraba da yamma na ce bari in rarraba saƙonnin mutane, in rubuta sunan kowa a kan nasa. Na buɗe babban akwati. Ashe ledar daddawar wata 'yar'uwa ta fashe a hanya, ta bi kaya. Ina zaune ina kwashewa da hannu, hankalina kwance. Sai na ji Baban Alheri daga sama yana buga ƙofa.

"Maman Alheri! Me kika buɗe a ƙasan nan? Gidan gaba ɗaya ya ɗauka, har maƙwabta za su fito!"

Na ce, "Ya ɗauki me?"

"Daddawa mana!"

Na dubi hannuna. Na ɗebo daddawar na kai hanci. Ba kome. Daddawa fa, jama'a, wadda ko a leda uku aka ƙulle ta sai ta yi sallama. Na buɗe man zafi na shaƙa, ba kome. Na fesa turare a hannu, ba kome. Na buɗe ruwan wanke banɗaki mai hawa kai, kamar ruwan famfo.

Na zauna a ƙasa. Ba na buƙatar likita ya gaya mini. Marasa lafiya nawa na tambaya, "Kana jin ƙanshi?"

Washegari da safe na ga makullin mota a kan tire, kusa da kofin kunu. Na tuƙa kaina zuwa inda ake gwaji a cikin mota. Ran Juma'a sakamako ya fito. Ina ɗauke da ita.

Daga nan ciwo ya kwantar da ni. Zazzaɓi, tari, jiki kamar an yi mini duka. In na tashi zuwa banɗaki sai na huta a hanya. Ina da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa a auna iskar jini, ina kallon lambar tana sauka, na kuma san ma'anar kowace lamba. Amma ba kaina nake jin tsoro ba.

Na yi aiki a ɗakin masu korona. Na san abin da take yi wa tsoho mai suga. Da hannun nan nawa na sha riƙe waya a kunnen tsofaffi domin 'ya'yansu su yi musu ban kwana. Yanzu ga uwata a samana, katako kawai ya raba mu. Na taɓa tire, ta taɓa tire. Mijina ya ɗauko ni a mota, ya koma ya zauna da ita a tebur. Aka kai su ukun, har da Alheri, gwaji ran Asabar, aka ce sai a jira.

Wannan jiran ya fi ciwon zafi. Ina kwance ina jin takunta a sama. In ta yi tari sau ɗaya, sai zuciyata ta tsinke.

Ran Lahadi da rana, lokacin da kuke sujada ta waya, na kasa shiga. Na rarrafa na hau matakala har saman, na zauna na jingina da ƙofar nan, takunkumi a fuskata. Na ji motsin kujera a ɗaya gefen. Ashe tun ranar da na kwanta, nan take kawo kujera ta wuni.

Na ce, "Mama."

Ta ce, "Ina nan."

Na ce, "Mama, ki yafe mini." Kuka ya ƙwace mini, tari ya haɗu da shi. Na ce, "Bari in gaya miki yadda aka binne shi."

Ta ce, "A'a, riƙe shi. Numfashinki bai kai ba. Ni zan ba ki labari. Kin tuna Kawunki Bulus?"

Na tuna shi. Yayan Mama ne, dogon mutum marar magana. Muna yara muna tsoronsa, domin bai taɓa dariya ba, bai kuma taɓa ɗaukar jariri ba. Ko an miƙa masa sai ya mai da hannu baya.

Ta ce, "Da ba haka yake ba. Duk ƙauyenmu ba wanda ya kai shi barkwanci. Ya tafi haƙar kuza a Jos, ina yarinya. Shekarar da ya dawo ana agana a can. A lokacin, wanda ya fito daga inda ake ciwon, bukka ake yi masa a bayan gari, a riƙa ajiye masa abinci a bakin hanya har a ga lafiyarsa. Dattawa suka ce a yi masa haka. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ku duba jikina. Uwarmu ta ji tausayinsa, ta buɗe masa ƙofa. Ya shigo ya ɗauki autarmu, Lami, yana cilla ta sama tana dariya. Bayan 'yan kwanaki ciwo ya fito masa. Shi ya tashi. Lami ba ta tashi ba."

Ban taɓa jin sunan Lami ba sai ranar.

Ta ce, "Ba wanda ya taɓa ce masa kai ne. Amma ya yi shekara hamsin yana gaya wa kansa. Rifkatu, kina tsammani ban so in rungume ki ba? Da na gan ki ta taga, ƙafata da kanta ta nufi ƙofa. Ke kaɗai kika rage mini. Ni tsohuwa ce, mutuwa ba baƙuwata ba ce, in ta zo yau na san inda za ni. Amma ba zan yarda ta shigo ta hannunki ba. Ba za ki iya ɗaukar kayan nan ba. Na ga wanda ya ɗauka."

'Yan'uwa, ni ina can ƙasa ina cewa ba ta ƙaunata. Ashe ba ranta take tsarewa ba, nawa take tsarewa!

A kan matakalar nan na durƙusa. Ban roƙi warkewa ba. Na ce, "Ya Yesu, na yi girman kai. Na dogara ga takarda, na dogara ga ilimina, na raina uwata. Na ɗora wa mutane doka, ni na ƙi taɓa ta da yatsa. Ka gafarta mini. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka bar ni in zama Kawu Bulus. Ka tsare tsohuwar nan. In akwai abin da ya haura sama ta dalilina, ka kashe shi da ikonka."

Ta ɗaya gefen Mama ta kama addu'a da yarenmu. Ba ta ambaci kanta ko sau ɗaya ba. Huhuna take yi wa addu'a, tana kiran sunana, tana cewa Ubangiji wanda ya hura wa mutum numfashi tun farko ya ƙara wa 'yarta. Muka ce amin tare, ƙofa a tsakaninmu. Na sauko na kwanta, na yi barcin da ban yi irinsa ba tun rasuwar Ishaya.

Ran Litinin da hantsi na ji gudu a sama, sai muryar Baban Alheri, mutumin da ba ya ɗaga murya ko a filin ƙwallo. "Maman Alheri! Ya fito! Mama ba ta da ita! Alheri ba ta da ita! Ni ma ba ni da ita!" Halleluya! Likita ya ce a sake gwada su bayan 'yan kwanaki. Aka sake, ba kome. Ku taya ni, Halleluya!

Daga ranar lambar yatsana ta fara hawa. Ban kwana asibiti ba ko sau ɗaya. Saƙonninku kuwa, Baban Alheri ya raba su daga baya, yana ajiyewa a bakin ƙofa yana buga waya. Baba Dogara ya ci accarsa, ga shi nan da ransa, an ma yi masa dashen ƙoda. Ku yi tunani da na sami makullin nan ran Talata. Da na shiga falonsa, na durƙusa a gabansa, ya dafa kaina.

Kwana bakwai aka ce, na yi goma sha tara. Ranar da likita ya ce zan iya haurawa, na yi wanka, na sa kaya masu tsabta, na ɗauki abu biyu da na ɓoye a ƙasan jakata. Matakala goma sha uku ce, na huta sau biyu. Kafin in taɓa ƙofa na ji an murɗa makulli daga ciki.

Ta tsaya da sandarta. Sai ta saki sandar ta faɗi, ta kama ni. Ban san ƙarfi ya rage a hannun nan haka ba. Muka daɗe a rungume. Sannan ta zauna, ta jawo ni kusa, ta ce, "Yanzu gaya mini."

Na gaya mata. Kusa da babanmu aka sa shi, a gindin ɗorawar nan. Na faɗa mata waɗanda suka ɗauki akwatin, da wanda ya yi wa'azi, da yadda matan zumunta suka kwana uku suna dafa abinci, da abin da matarsa ta ce a bakin kabari. Na ba ta hularsa ta zuwa gona, da mudu ɗaya na accar da ya girbe da hannunsa. Ta ɗauki hular ta rufe fuskarta da ita. Sai a lokacin kukan ya zo, kukan da ta riƙe fiye da wata guda. Na riƙe ta ta yi shi har ya ƙare, ba takunkumi, ba tsoro.

Hancina kuwa sai da ya yi wata biyu kafin ya dawo. Wata ranar Asabar ina shigowa daga aiki na ce, "Kai, wa ya sa daddawa haka?" Sai na tsaya cak a bakin ƙofa na fara rawa. Har yau in na ji warin daddawa sai na ce na gode Yesu.

Mama, ki tashi su gan ki. Kun gani, ta ƙi, tana harara ta. Ba kome, zauna abinki. A gaban ikilisiyar Allah nake cewa na gode. Na yi karatu, na tara takardu, amma abin da kika hango daga tagar falo ni ban hango shi ba.

'Yan'uwa, Ubangiji ya cece ni daga ciwo, wannan ƙarami ne. Ya cece ni daga girman kai. Ya kuma cece ni daga kayan da Kawu Bulus ya ɗauka har kabarinsa. Na roƙe shi ya buɗe mini ƙofa, shi kuwa ya sa tsohuwa mai ciwon gwiwa ta riƙe ta a rufe har kwana goma sha tara, alhali ita ta fi ni son a buɗe. Wataƙila akwai wani a nan da yake tsaye a bakin wata ƙofa yana bugawa yana fushi. Kada ka yi saurin cewa an ƙi ka. Ka dogara ga Yesu, ka jira, ya san abin da kake ɗauke da shi wanda kai ba ka sani ba.

Uwata tana da rai, kuma ina iya duban idonta. Dukan ɗaukaka da girma da godiya su tabbata ga Allah Uba, cikin sunan Yesu. Yabo ga Ubangiji!